Baƙin Samari A Mai'aduwa: Wane Shiri Ne Ya San Da Zamansu?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi ya san cewa ƙarfin kasuwar nan, bayan na fatake da dillalai, yana wuyan yara ne 'yan shekara 13 zuwa 18. Su ne masu kora shanu da raƙuma a kara, su ne masu dakon buhunan gero da wake, su ne masu tura kurar ruwa da wanke kwanuka a rumfunan masu abinci. In mutum ya tsaya ya tambaye su garuruwansu, zai ji wasu sun ce Daura ko Sandamu ko Zango, amma da yawa za su ambaci Matamai, ko Kance, ko Magarya, ko wani ƙauye na ƙasar Damagaram. Harshensu ɗaya da namu, addininsu ɗaya, sau da yawa ma akwai dangantakar jini, amma a idon doka baƙi ne, 'yan Jumhuriyar Nijar.

A ɗaya gefen kuma, shekarun nan an cika mana garuruwa da alluna masu ɗauke da sunayen shirye-shiryen kyautata rayuwar matasa, kowane da tambarinsa da rigunansa da motocinsa. Abin da ya kamata jama'a su tambaya shi ne, cikin waɗannan shirye-shirye masu suna, wanne ne ya san da zaman baƙon yaron da ke kwana a rumfar kasuwa? Wa ke lura da lafiyarsa da ilminsa da tarbiyyarsa a shekarun da ake cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi?

Iyakar da ta raba gida ɗaya

Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa tana ɗaya daga cikin guda biyar da suka haɗu suka yi Masarautar Daura, watau Daura, Mai'aduwa, Zango, Sandamu da Baure. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane sama da dubu 200. A cikinta ne mashigar Kwangwalam take, wadda in an ƙetare ta sai Ɗan Barto, sai Matamai, a miƙe hanya har Damagaram.

Kamar yadda kowa ya sani, wannan iyaka ba kakanninmu suka shata ta ba. Ingila da Faransa ne suka yi ta ciniki a kanta cikin yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan jami'ansu suka bi daji suna kafa turaku tsakanin 1906 da 1908. Wani masani ɗan Amurka, William Miles, ya zauna a ƙauyukan 'Yardaje ta ƙasar Daura da Yekuwa ta ƙasar Magarya, ya wallafa littafi a 1994 kan yadda mulkin mallaka iri biyu ya raba mutanen da asalinsu ɗaya. Boko ya zama na Turanci a nan, na Faransanci a can. Kuɗi suka zama Naira a nan, Sefa a can. Amma aure da kasuwa da karatun allo da cin rani ba su taɓa tsayawa a bakin turken ba. Saboda haka zuwan yaro daga Kance zuwa Mai'aduwa tsohuwar al'ada ce. Abin da ya sake shi ne duniyar da yake tararwa in ya iso.

Yaran nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai almajirai waɗanda iyaye suka damƙa wa malami, ko suka biyo malaminsu yawon rani. Akwai 'yan cin rani, masu barin gida bayan an gama girbi su koma da faɗuwar ruwa, ko da yake yanzu da yawa ba su komawa. Akwai 'yan mata masu talla da aikatau a gidaje, waɗanda su ne suka fi ɓoyuwa daga idon hukuma. Sa'an nan akwai masu wucewa, 'yan Nijeriya da 'yan Nijar, waɗanda Mai'aduwa zango ce kawai gare su a kan hanyar Agadas da Aljeriya da Libiya.

Haɗarin wannan hanya ta arewa ba ɓoyayye ba ne. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yara 52 ne a cikinsu, mata 33, kuma akasarinsu daga ƙasar Kance suka fito, watau maƙwabtanmu na kusa. A watan Maris na 2022 kuma gwamnatin Nijar ta kwaso ɗaruruwan mutanenta da ke bara a titunan Dakar, yawancinsu mata da yara daga Kance da Magarya. Haka nan kada mu manta cewa ruwan yana gudana ta fuska biyu: tun daga 2019 dubun-dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsere wa 'yan bindiga zuwa Jihar Maraɗi, inda 'ya'yanmu suka zama baƙi a garuruwa irin su Garin Kaka da Cadakori.

Shekarun girgiza

Cikin 'yan shekarun nan, hanyoyin cin abincin samarin bakin iyaka sun sha girgiza bi da bi. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, a watan Nuwamba kuma ta hana kai man fetur gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. A 2020 annobar korona ta zo, gwamnonin Arewa suka yi ta mayar wa juna da almajirai cikin manyan motoci. A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin mai, sana'ar bumburutu da ta ɗauki samari masu yawa ta rikice. Bayan wata biyu, ranar 26 ga Yuli, soja suka hamɓarar da gwamnatin Mohamed Bazoum, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, iyaka ta sake rufewa har zuwa Maris na 2024. A watan Nuwamba na 2023 sabbin mahukuntan Yamai suka soke dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure ta Agadas, a Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta 1979 ta ba talakan yankin 'yancin zirga-zirga.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai a Abuja ko Yamai aka yanke shi, amma a kan yaron Kwangwalam yake sauka. In iyaka ta rufe, hanyar halal ta toshe, sai ɓarauniyar hanya ta buɗe, kuma yaro mai ƙarfin gudu da babur shi ake nema. A nan ne yake haɗuwa da ƙwaya don ya jure wahala. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya suna ta'ammali da su, kuma a shekarar ce gwamnati ta hana sayar da maganin tari mai kodin. Yaron da ba uba a kusa, ba makaranta, ba mai tsawata masa, shi ne na farko da wannan guguwa ke ɗauka.

Shirye-shirye masu suna

Ba za a ce gwamnatoci sun naɗe hannu ba. A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar tsangaya ta zamani ta farko a Gagi, cikin Sakkwato, aka kuma gina irinta sama da 150 a faɗin ƙasa. Daga 2012 zuwa 2022 asusun UNICEF, da kuɗin gwamnatin Ingila, ya gudanar da kashi na uku na shirin ilmin 'ya'ya mata a jihohi shida, har da Katsina. A 2020 Bankin Duniya ya amince da Dala miliyan 500 don shirin AGILE a jihohi bakwai, Katsina na ciki, domin gina azuzuwa, da tallafa wa 'yan mata su gama sakandare, da koya musu dabarun zaman duniya. A 2023 aka ƙara Dala miliyan 700. A ƙarshen 2020 Jihar Katsina ta kafa dokarta ta kare yara, a watan Mayu na 2023 kuma aka sa hannu kan dokar kafa Hukumar Ilmin Almajirai da Yaran da Ba Su Zuwa Makaranta. A can Nijar ma akwai shirin Illimin, wanda asusun UNFPA ya soma a 2013 don 'yan mata, da Makarantar Mazaje da aka fara a Jihar Damagaram don jawo magidanta cikin kula da lafiyar iyali.

Gaskiya ne suna yana da amfani. Shirin da ke da suna yana da manhaja rubutacciya, da ma'aikata horarru, da wanda za a kama in kuɗi sun salwanta. Duk wanda ya ga sabon aji inda a da ake karatu a gindin bishiya ba zai raina aikin ba. To, amma fa akwai giɓi guda uku da ya kamata a faɗa.

Na farko, ƙofar shiga yawancin shirye-shiryen nan ita ce rajistar makaranta ko takardar shaida. Ginshiƙin AGILE makarantar sakandare ce, kuma yarinyar da ke aikatau a wani gida, wadda ko firamare ba ta yi ba, tana nesa da wannan ƙofa. Yaron da ya yi aji shida da Faransanci a Matamai, in ya zo nan ba ajin da ya dace da shi. In ma ya jure ya kai ƙarshen sakandare, tun 2021 ba a rubuta jarrabawar shiga jami'a sai da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, shi kuwa ko takardar haihuwa ba shi da ita.

Na biyu, ran shirin yana hannun mai ba da kuɗi. Ana ɗibar masa shekara uku ko biyar, in wa'adi ya cika sai motoci su ɓace, allon ya yi tsatsa. Da yawa daga makarantun tsangayar 2012 sun lalace bayan da aka miƙa su ga jihohi ba tare da kuɗin ciyarwa da albashi ba. A 2025 kuma duniya ta ga yadda gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, cikin 'yan watanni, ayyuka da dama a Afirka suka tsaya cik. Hausawa sun ce kowa ya dogara da tukunyar wani zai kwana da yunwa.

Na uku, kowane shiri yana tsayawa a bakin turken iyaka, yaron kuwa ba ya tsayawa. Wanda aka fara yi wa magani ko koya wa sana'a a Mai'aduwa da rani, da damina yana gonar ubansa a Kance, ba wanda zai ɗora daga inda aka tsaya.

Darasi daga Amurka

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A Amurka, ƙidayar 2020 ta nuna mutanen da asalinsu daga ƙasashen Latin Amurka ne sun haura miliyan 62, kuma 'ya'yansu matasa suna fama da talauci da rashin takardu da tsaka-mai-wuya tsakanin al'adar gida da ta waje. Tun 1982 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Texas, cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati don iyayensa sun shigo ba bisa ƙa'ida ba. Hujjar alƙalan ita ce, yaro bai zaɓi ƙetare iyaka ba, kuma ƙasar da ta bar shi cikin jahilci ita za ta girbi abin da ta shuka.

Cikin shirye-shiryen da aka yi domin waɗannan matasa, akwai wanda masanan Jami'ar Miami suka tsara mai suna Familias Unidas, watau iyalai a haɗe. Abin lura game da shi shi ne, yawancin zaman da iyaye ake yi, cikin harshensu na Sifaniyanci. Ana tara su rukuni-rukuni a tattauna yadda za su yi magana da 'ya'yansu, su san abokansu, su riƙa leƙa makarantarsu, sa'an nan ma'aikaci ya zauna da uwa ko uba tare da yaron a gwada abin da aka koya. An kuma auna shirin ta hanyar kwatanta iyalan da suka shiga da waɗanda ba su shiga ba, aka bi su har wata 30 ko fiye, aka ga shaye-shaye ya ragu, jituwar gida ta ƙaru.

Ba muna cewa a ɗauko wannan shiri a dasa shi a Mai'aduwa yadda yake ba, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Baƙonmu ba shi da matsalar harshe ko ta addini, wannan kuwa babbar sa'a ce. Amma yana da wata matsalar da ta fi tsanani, watau iyayensa suna wata ƙasa. Abin ɗauka a nan abu biyu ne: shiri yana tasiri in ya ƙarfafa babban da yaron ke gani kullum, kuma ba a sanin amfaninsa sai an auna halin yaran bayan shekaru, ba yawan tarurrukan da aka yi a otal ba.

Abin da muka gada

To, wane ne babban da baƙon yaro ke gani kullum a Mai'aduwa? Malaminsa na allo ne, ko dillalin da yake yi wa kora, ko mai gareji, ko uwar ɗakin da take aikatau a gidanta, ko fatoman da ya saukar da shi. Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa tana da tsarin karɓar baƙo. Ba a shiga gari sai an sauka hannun mai masauki, shi ne zai kai baƙo gaban mai unguwa, shi ne kuma zai amsa in wani abu ya taso. Samari suna da sarkinsu, 'yan mata suna da shugabarsu, gayya tana haɗa su aiki. A Nijar, gwamnatin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ta ɗauki wannan tsari ta raya shi da sunan Samariya, matasa suka gina azuzuwa suka dasa itatuwa. Sai dai da yake an mai da ita 'yar amshin shatar gwamnati, da aka shiga siyasar jam'iyyu a farkon shekarun 1990 sai ta dusashe. Wannan ma darasi ne.

Kada kuma a ɗauka duk abin da aka bar wa jama'a ba sa ido zai yi kyau. Mutanen Daura ba su manta da watan Oktoba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani gidan horon kangararru a cikin garin suka fito da mutum 67, yara da manya, wasu da mari a ƙafa. Iyaye ne da kansu suka kai su, suna biya, don ba su da wani wurin da za su kai ɗan da ya fi ƙarfinsu. Wannan ya nuna buƙatar tana nan, kuma in hukuma ba ta cike gurbin ba wani zai cike shi ta mummunar hanya.

Abin yi

Wani zai ce, namu 'ya'yan ma ba su sami aji da magani ba, don me za a kashe kuɗi kan 'ya'yan wata ƙasa? Tambayar tana da nauyi, amma amsarta a fili take. Ƙyanda da sanƙarau ba su tambayar fasfo, mai sayar da ƙwaya ba ya tambaya, mai ɗibar yara aikin ta'addanci ma haka. Yaron nan tare da namu yake kwana yake tashi, gobe kuma wataƙila a nan zai yi aure. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa gwamnatoci ba da ilmi kyauta ga kowane yaro da ya isa shiga firamare da ƙaramar sakandare. Daɗin daɗawa, yadda muka riƙe 'ya'yan Damagaram haka muke fatan a riƙe namu a Maraɗi.

Saboda haka muna ganin matakin farko shi ne sanin adadinsu. Majalisar Masarautar Daura, ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, ita ta fi kowa iya rubuta kowane baƙon yaro da sunan babban da ke riƙe da shi, bisa sharaɗin cewa rajistar ta taimako ce, domin in aka mai da ita ta kame da kora, ranar nan yaran za su ɓuya. Na biyu, duk shirin da zai shigo ƙaramar hukumar a tilasta masa ware gurbi ga yaran da ba su cikin makaranta, a kuma horar da malaman allo da shugabannin kara da masu gareji da matan da ke ɗaukar 'yan aiki, tun da su ne makwafin iyaye. Na uku, a kai aikin inda yaran suke: rumfa guda a kasuwar Lahadi, mai ma'aikacin lafiya da jami'in rajistar haihuwa da malamin yaƙi da jahilci, za ta ga yaran da ofis ba zai gani ba cikin shekara. Karatun kuwa a fara shi da Hausa, musamman yanzu da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, ta yadda abin da yaro ya koya a nan zai yi masa amfani a can.

Na huɗu, akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971 mai mazauni a Yamai, kuma ba ta dogara da ECOWAS ba. Ta hanyarta hukumomin Mai'aduwa da na Matamai za su iya amincewa da kati guda na lafiya da karatu wanda yaro zai riƙa ƙetarawa da shi. Na ƙarshe, Gwamnatin Jiha da ƙaramar hukuma su sa wa aikin kaso a kasafin kuɗinsu, ko da kaɗan ne, daga harajin da kasuwar ke tarawa kowane mako, wanda guminsu yana ciki. In mai agaji ya zo ya tarar da abu a tsaye ya ƙara, in ya tafi ya bar shi a tsaye.

Yaron da ke kora shanu a karar Mai'aduwa yau yana da shekara 15, nan da shekara goma magidanci ne, ko a wannan gefen iyaka ko a wancan. Irin magidancin da zai zama ya danganta ga abin da masarauta da ƙaramar hukuma da malamai da 'yan kasuwa suka yi a kansa tun yanzu. Allah ya ba shugabanninmu ikon dubawa.